Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Jigawa kan gidajen da ake ginawa don sayarwa a karkara

Mai girma Shugaban Majalisa da sauran wakilanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin na ajiye aiki. Na rubuto ne da yawun maƙwabtana, magidanta tara da wata baiwar Allah mai riƙon marayu huɗu. Dukkanmu mun sayi gidaje a sabuwar unguwar da ta tashi a bayan garinmu, nan ƙasar Ringim. A tabarmar ƙofar masallaci muka zauna bayan isha'i, aka ce tunda ni ne mai alƙalami, in rubuta. Ba zan faɗi sunan garin ba, haka ma sunan wanda ya sayar mana, domin ba ƙarar mutum ɗaya muka kawo ba. Duk garin da kwalta ta ratsa a jihar nan, in kun tsaya kun tambaya, za ku ji irin labarinmu.

Da can a ƙauye ba a sayen gida. Ko ka gada, ko ka yi tubali da rani 'yan uwa su taya ka ɗorawa. Yanzu zamani ya juya. Mai kuɗi zai sayi gona a bakin gari, ya yanka fulotai, ya jera ɗaki biyu da falo guda shida ko takwas, ya shafa fenti mai ƙyalli, ya sa ƙofar ƙarfe, dillalai su shiga nemo masu saye. Masu sayen kuwa mu ne: ɗan fansho da ya karɓi garatuti, ɗan ci-rani da ke turo kuɗi daga Legas ko Fatakwal, uban da ke son ɗansa ya tare da amarya kafin azumi, da waɗanda ambaliyar 2022 ta cinye musu gidajen ƙasa suka rantse ba za su ƙara kwana a ginin laka ba.

Ni a watan Maris na biya, rana na dukan ƙasa, gida sai ƙamshin fenti. Har walima na yi. Ruwan farko da aka yi, silin ɗin falo ya yi taswira. Kafin Agusta ya ƙare, bangon gabas ya tsage tun daga kusurwar taga har ƙasa, tafin hannuna yana shiga. Na ɗauki ƙusa na kankare filastar, na taɓa bulon da ke ciki, yashi ya riƙa zubowa kamar garin masara. Na sa yara suka haƙa gindin bangon, sai ga fandisho bai kai kamu ɗaya ba, kuma babu ko ɗigon kankare a ƙarƙashinsa. Bulo kawai aka jera a kan ƙasar gona.

Na je wurin wanda ya sayar mini. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya ce: "Malam, ciniki ya faɗa a gaban shaidu, ka zagaya ka duba da idonka. Ruwa kuma na Allah ne." Dillali ya ci la'adarsa tuni. Maginin da ya yi aikin an ce ya tafi Abuja, kuma duk garin babu wanda ya san cikakken sunansa. "Injiniya" kawai ake ce masa.

Wannan ne kukanmu na farko. A karkara yau, duk wanda ya sayi cokalin gini da igiya ya zama magini. Bara yana ɗaukar kwanon sarki, bana ya karɓi kwangilar gida sukutum, baɗi ya ɗora bene. Babu wanda ya gwada hannunsa, babu littafin da aka rubuta sunansa, babu inda za a same shi in aikinsa ya zube. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, maginin ƙasa ne, kuma na ga yadda abin yake a lokacinsu. Yaro sai ya shekara da shekaru yana kwaɓa da miƙa tubali kafin a yarda ya ɗora bango, ya ƙara wasu kafin a bar shi ya jera azara. Soro in ya yi yoyo, ba a neman kowa sai Sarkin Magina, shi kuma ya san wanda ya yi rufin, ya san ubangidan da ya koya masa. Magini yakan dawo da kansa kafin damina ya duba indararo ya gyara yaɓe, don sunansa na jikin ginin. Siminti ya zo, wancan tsari ya sassauce, ba a kuma kafa wani a madadinsa ba.

Na san akwai hukumomin tarayya. COREN mai rajistar injiniyoyi tun 1970 take, CORBON mai rajistar ƙwararrun magina an kafa ta a 1989, kuma an fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Amma waɗannan an tsara su ne don masu takardun manyan makarantu da manyan gine-gine. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ma, wadda aka maye gurbinta a 2025, da ta wajabta inshorar gini tun ana cikin yin sa, benen da ya haura hawa biyu ta ambata. Ɗaki biyu da falo a bayan gari bai shiga lissafin kowa ba, alhali a cikinsa yawancin talakawan da suka zaɓe ku suke kwana.

Kuka na biyu kayan aiki ne, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ake yanka mu. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, masu buga bulo da yawa suka koma ja wa buhu rai. Tsofaffin birkiloli za su gaya muku cewa siminti ɗaya, yashi shida ake yi wa bulo. Yanzu ana zuba yashi har sai launin siminti ya kusa ɓacewa, yashin ma wani lokaci na gefen gona ne mai haɗe da laka, wanda ba ya kama siminti. Sannan bulo yana son ruwa. Ana shayar da shi safe da yamma na aƙalla mako guda, kankare kuwa sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. A gidan bulon da ke hanyar kasuwarmu na ga an buga da safe, washegari da la'asar an loda a kura. Ruwa kuɗi ne, mai saye kuma yana gaggawa. Irin wannan bulon in ka ɗaga shi daidai ƙugu ka saki, ba ya rabewa biyu, watsewa yake yi.

Rodi ma haka. A ce maka mai lamba 12 ne, in aka auna bai kai ba. Inda ya kamata a sa guda huɗu a ginshiƙi a sa uku, linta kuma a zuba ta a saman ƙofa da taga kaɗai maimakon ta zagaye ginin ta ɗaure shi. Ledar da ake shimfiɗawa a kan fandisho don ta tare danshi, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma an bar ta, shi ya sa gindin bangonmu ya yi fari fat yana ɓarewa kamar an barbaɗa kanwa. Katakon rufi ba a shafa masa maganin gara ba. Kwanon kuwa siriri ne kamar gwangwanin madara, iskar farkon damina ta yaye wa maƙwabcina rabin rufi ta kai shi gonar gero. Kuma ku kun fi ni sanin ƙasarmu: daga Ringim zuwa Auyo har Haɗeja akwai wuraren da laka ce, tana kumbura da damina ta dare da rani. Fandishon da zai zauna lafiya a kan jigawa, a fadama ba zai kai shekara biyu ba. Wanda ya koyi sana'a ya san wannan.

Duk abin da na lissafa babu ɗaya da mai saye zai iya gani. Filasta da fenti sun rufe. Shi ya sa maganar "ka duba da idonka" take ƙona mini rai. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to, mu gida aka nuna mana, kuɗin gida kuma muka biya.

Na uku, takardar ciniki. Ku karɓi kowace takardar sayen gida a garuruwanmu ku karanta. Za ku ga iyaka gabas da yamma, sunan mai sayarwa da mai saye, shaidu, sa hannun mai unguwa. Duk maganar fili ce. Ginin da ya ci kaso mafi tsoka na kuɗin, ko layi ɗaya ba a rubuta a kansa ba. Abin mamaki, in ka sayi sa a kasuwar Maigatari, dillali yana tsaya maka, in wata magana ta taso ya san inda zai nemo mai shi. Wayar hannu ma mai shago yakan ce in ta ba da matsala cikin mako ka dawo da ita. Gwamnati da kanta in ta ba da kwangilar ajin makaranta, takan riƙe wani kaso na kuɗin, galibi 5 cikin 100, sai an yi watanni an ga ginin bai nuna aibi ba sannan ta saki. Na ga haka a makarantun da na koyar. Dabarar da gwamnati ta kare kanta da ita muke roƙo a ara wa talaka.

Addininmu ma bai bar wannan a buɗe ba. Kowane ɗalibi ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Malaman fiƙihu sun yi bayanin aibin da aka ɓoye a ciniki, da haƙƙin mai saye na mayarwa ko a rage masa kuɗi. Hukuncin yana nan. Hanyar kai wa gare shi ce ta fi ƙarfinmu. In ka je kotu sai ka kawo wanda zai tabbatar cewa ha'inci ne ya tsaga bangon, ba ruwa ba, kuma injiniyan da zai zo ƙauye ya rubuta rahoto kuɗinsa ya kusa na gyaran. Ga kuma zaman tare. Wanda ya sayar mini surukin abokina ne, a sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Dattawa suka taru suka ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. Na bari, amma kuɗin da na ware don kayan ɗakin 'yata ta uku a gindin bango suka ƙare.

Nawa mai sauƙi ne. Baiwar Allahn da na ambata, gadon mijinta da na 'ya'yanta aka haɗa aka saya mata gidan. Bangon da ya raba ɗakinta da tsakar gida ya karkace, an tokare shi da itacen darbejiya guda biyu. Da hadari ya haɗo da dare, sai ta tashi yaran ta kai su zauren maƙwabta, ita ta dawo ta zauna a bakin ƙofa har ruwa ya ɗauke. Damina biyu ke nan tana haka. Wani yaro kuma ɗan acaɓa a Legas, shekara huɗu yana turo kuɗi, ya dawo ya tarar masai ya rufta, an ɗaga bikinsa.

Akwai abin da nake so ku lura da shi. Da bene ya rufta a titin Beirut a Kano a 2022, ko makarantar nan ta Jos a 2024, duk ƙasa ta ji, an yi ta tambayar wa ya gina, wa ya ba da izini. Ɗaki in ya faɗi a ƙauye da damina, sai a rubuta shi cikin ɓarnar ambaliya, a kawo buhun shinkafa da tabarma, magana ta mutu. Gaskiya ne ruwa ya yi mana ɓarna mai yawa, ba na musun haka. Amma a garinmu na ga katangar bulo 'yar wata bakwai ta kwanta, ga soron ƙasa da mahaifina ya gina yana tsaye a gefenta, ruwa ɗaya ya dake su. Mugun gini yana fakewa a bayan ambaliya, kuma gwamnati ce ke biyan kuɗin tallafin.

Wasu ƙasashe sun daɗe da toshe wannan ƙofa. A Afirka ta Kudu, dokar 1998 ta hana mutum gina gida don sayarwa sai yana da rajista, ta kuma wajabta masa gyara ƙananan kurakurai da aka nuna masa cikin wata 3, yoyon rufi cikin shekara 1, babban aibin da ya shafi ƙarfin gini har shekara 5. A Faransa magini yana ɗauke da alhakin ƙarfin gininsa shekara 10, kuma tun 1978 aka tilasta masa yin inshora a kan haka. Ba mu ce a kwafo nasu yadda yake ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Ikon yin namu kuwa yana hannunku, domin Kotun Ƙoli ta yanke tun 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne.

Ga abin da muke roƙo.

A buɗe littafin rajista a sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma 27. Duk mai gina gida don sayarwa, da duk maginin da ke karɓar kwangilar gida, a rubuta cikakken sunansa, lambar katin ɗan ƙasa, garinsu da wanda ya tsaya masa, a ba shi kati. Gwajin ya zama na hannu. A ba shi bulo da siminti ya tayar da kusurwa a gaban Sarkin Magina da ma'aikacin sashen ayyuka da malami daga ɗaya cikin kwalejojin fasaha da muke da su a Dutse, Kazaure da Haɗeja, a tambaye shi yadda zai yi fandisho a laka. Wanda ke da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago a karɓa masa. Mafi iya ginin da na sani bai yi aji ɗaya na boko ba, in aka ce sai mai satifiket an kore shi an bar "Injiniya". Muna kuma roƙo da babbar murya kada rajistar nan ta zama wata sabuwar hanyar karɓar haraji, kada kuma a taɓa manomin da ke ɗora ɗakin ƙasa a gidansa. Mai ginawa ya sayar wa wani muke magana.

Sai babban roƙonmu, wanda in shi kaɗai kuka yi mun gode: a wajabta lamuni a cikin takardar cinikin sabon gida, kuma a ƙirga shi da damina. Wata shida ba ya nuna komai, domin gidan da aka saya a Nuwamba zai cika wata shida bai ga ɗigon ruwa ba. Mai sayarwa ya ɗauki gyaran yoyo, filasta, masai da wayarin wuta har gida ya sha damina biyu, fandisho da bango da linta kuma shekara 5. Shi mai sayarwa mai saye zai riƙe, shi kuma ya nemi magininsa. A bar wani kaso na kuɗin a asusun banki da ba ya fita sai da hannu biyu, har damina ta farko ta wuce. Takardar ta zama shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami, kuma a umarci dagatai da masu unguwanni kada su sa hannu a cinikin da babu ita.

A duba gini sau uku kafin a rufe shi: fandisho kafin a cike, rodi kafin a zuba kankare, katako kafin a buga silin. Hoton waya da kwanan wata ya isa shaida, a ba mai saye. Gidajen bulo kuma kowanne ya sa alamarsa a jikin bulonsa, a riƙa ɗaukar samfuri ba zato ana gwadawa da ma'aunin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki.

In rigima ta taso, a samu zama a gaban hakimi da mutumin sashen ayyuka da Sarkin Magina, su je su ga ginin da idonsu, su yanke cikin wata guda, wanda bai gamsu ba ya wuce kotu da rahotonsu a hannu. Wanda aka kama da ha'inci sau biyu a karɓe katinsa, a kuma sanar.

Kada a ɗauka magina muke yaƙa. Wani birkila da na koyar a aji huɗu ya gaya mini cewa sau da yawa mai gini ne zai ajiye buhu goma inda ake bukatar ashirin, ya ce ka san yadda za ka yi, in ka ƙi ga wani a bayanka. Ga masu cinye musu kuɗin aiki. Doka in ta zo ta ba shi bakin cewa a'a, ta kuma ba shi inda zai kai ƙara shi ma. Na san za a ce gida zai ƙara tsada. Zai ƙara. Amma ni da na sayi mai araha na biya kuɗin fandisho sau biyu, na biyun kuma ina cikin gidan da iyalina ana haƙa.

Muna gayyatar kwamitinku mai kula da gidaje da filaye ya zo ya gani. Don Allah kada ku zo da rani, lokacin an shafe komai da fenti. Ku zo a Agusta. Tsagar bangon gabas na bar wani sashe ban liƙe ta ba, guntun bulon kuma yana nan a leda na ajiye muku.

Allah Ya ƙara wa Shugaba da 'yan majalisa lafiya. Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin firamare, a madadin maƙwabtansa goma,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.